Yadda na gyara zafin tsohuwar sabar ajiyarmu

Tsohuwar sabar ajiyar ofishinmu, wato kwamfutar da muke adana bayanai a cikinta, mai faifan ajiya huɗu, ta fara kashe kanta da tsakar rana. Da na duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyar faifai, zafin faifan ya kai digiri 58; furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta haura 90.

Da farko na zargi wutar janareta, na canza mata UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, bai hana ba. Na sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, nan ma shiru.

Sai na zare wuta na buɗe murfin. Ƙurar hunturu ta toshe ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa, ta dunƙule kamar auduga, fankar baya kuma da ƙyar take juyawa. Na hure ƙurar tas. Da na ɗaga ƙarfen, sai ga man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe yana farfashewa. Na goge shi da isofurofil, wani sinadarin goge kayan lantarki, na ɗiga sabon mai daidai ƙwayar wake a tsakiya, na ɗaure sukurori huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Fankar na sauya ta da sabuwa mai milimita 120 da waya huɗu, kibiyar jikinta na kallon waje. A BIOS na sa ta ƙara gudu daga digiri 40.

Kwana biyar ke nan ba ta mutu ba. Faifan na digiri 39, furosesa 55. Alhamdulillah, kuma na gode wa abokin aikina da ya ara mini abin hura iska.