Yadda zaka ziyarci cocin São Francisco a Salvador ta Brazil

In Allah ya kaika Brazil, to ka daure ka leƙa Salvador, babban birnin jihar Bahia. Nan ne hedkwatar ƙasar ta farko tun 1549 har 1763 da aka mayar Rio, kuma a tsohon garin, unguwar Pelourinho, akwai coci da gidan limaman ɗariƙar Fransis da Turawan Fotugal suka bari. An soma ginin cocin na yanzu a 1708, aka gama wajen 1723.

Abu na farko tun kana masauki, ka tambaya ko wajen a buɗe yake. A watan Fabrairun 2025 wani ɓangare na silin cocin ya rufto, mace ɗaya 'yar yawon buɗe ido ta rasu, wasu suka ji rauni, aka rufe wajen. Don haka kar ka ɗauki tasi a banza, sa mai otal ya bincika maka tukunna. Biza kuwa tun daga gida zaka nema, ka haɗa da katin rigakafin shawara, sannan ka sani mutanen nan yaren Fotugal suke ji, turancinka ba zai kaika ko'ina ba, sa manhajar fassara a waya.

Ka fita da safe kafin rana tayi zafi. In kana ƙasan gari wajen kasuwar Mercado Modelo sai ka hau lif ɗin Lacerda ya ɗaga ka zuwa saman gari, daga nan tafiyar ƙafa ce ta dandalin Terreiro de Jesus, zaka hango wani babban gicciye na dutse a gaban cocin. Hanyar duk duwatsu ne aka jera, sa takalmi mara tsini wlh in ba haka ba ƙafarka zata gaya maka. Masu ɗaura ƙyalle mai launi a hannu zasu tare ka suce kyauta ne, ba kyauta bane, murmushi kawai ka wuce, kuma wayarka ta zauna a aljihun gaba.

Ni shawarata kar ka ruga wajen adon zinariyar da ke cikin cocin, fara da tsakar gidan limaman. Bangon zagaye yake da tayil shuɗi da fari da aka kawo daga Fotugal, kowane zane da darasinsa kan mutuwa, dukiya, abota da gajartar rayuwa, kuma mutane da yawa wucewa suke fuuu ko kallo basa yi. Ka ɗauki minti ashirin a nan. Bayan haka sai ka shiga cikin cocin, inda katako sassaƙaƙƙe ya rufe bango da ginshiƙai har sama an shafe shi da ruwan zinariya, ganye, tsuntsaye, mala'iku, ido ma rasa inda zai sauka yake. Tsaya tsit na ɗan lokaci idonka ya saba da duhun wajen kafin ka fara gane komai.

Wajen ibada ne fa, ba gidan tarihi kawai ba. Sa kaya masu mutunci, cire hula in ka shiga, rage murya, kar ka kunna filashin kyamara, kar ka taɓa sassaƙen. In ana sujada ka koma baya ka jira ko ka fita. Musulmi ba wanda zai ce sai ka durƙusa ko kayi wani abu, kallo kazo yi.

To ga inda abin ya shafe mu. Arzikin da ya gina wannan gari na rake ne, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka noma shi, cikinsu har da Hausawa, waɗanda suka shirya bore a Bahia a 1807 da 1814. A Janairun 1835, cikin azumi, musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka yi tawayen da ake kira Malê a titunan nan, an samu layu da rubutun larabci a jikin waɗanda aka kashe. Shiyasa in ka fito kar ka tsaya nan, gangara ƙasa kaɗan zuwa shuɗin cocin Rosário dos Pretos wanda baƙaƙen fata suka ginawa kansu, ka kwatanta da wanda ka baro.

Yunwa in ta kama ka, nemi matan nan masu fararen kaya da ɗankwali, suna soya acarajé, ƙosai ne sak sai dai da manja ake soyawa a tsaga shi a cusa jatan lande da yaji. Feijoada dai, wato dafaffen wakensu, akwai naman alade a ciki, ka tambaya kafin ka ce a zubo.