Yadda ake zagaya gaɓar tekun Ghana daga Ada zuwa Nzulezu

Gaɓar tekun Ghana ta haura kilomita 500 daga Aflao, a iyakar Togo, zuwa iyakar Kwaddibuwa. Mai kwana shida a hannu zai iya ganin mafi kyawun wurarenta idan ya zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Maris hanyoyi a bushe suke. A Mayu da Yuni ruwa ya fi sauka, musamman wajen Axim, hanyoyin ƙauyukan bakin teku su koma taɓo. Ka riƙe fasfo, da katin rigakafin shawara, da gidan sauro, da kuɗin sidi a hannu, don ba kowane mai kwale-kwale ke karɓar kuɗi ta waya ba.

Fara da Ada Foah, kimanin kilomita 100 gabas da Accra, inda kogin Volta ke shiga teku. Ka yi cinikin kwale-kwale kafin ka taka shi, ku yanke kuɗin zuwa da dawowa, kada kuma ka hau sai an ba ka rigar kariya. Daga Nuwamba zuwa Maris kififiyar teku na fitowa da dare ta yi ƙwai a rairayi. Ka bi ma'aikacin kula da namun daji, ka kashe tocila da hasken waya, domin farin haske kan sa uwar ta fasa ta koma ruwa, ya kuma ɓatar da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe su nufi tudu.

Daga nan sai yamma. A tashar Kaneshie da ke Accra ake samun motocin Cape Coast da Takoradi. Ka tashi da an idar da sallar asuba, in ba haka ba cunkoson Kasoa zai cinye maka safiyar. Sunan garin daga kalmar kasuwa ya samo asali, kuma halin kasuwar yake nunawa har a kan titi. In hanya ta yi kyau, awa uku ta kai ka Cape Coast. Masallaci da abincin halal, waakye (shinkafa da wake) ko koko da ƙosai, sai ka tambayi hanyar zango.

Kurmin Kakum na kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Gadojin igiya bakwai ne aka ɗaura a kan manyan itatuwa, jimillar tsawonsu ta wuce mita 300, wasu wuraren kuma tsakaninka da ƙasa ya kai mita 30. Sai ka hau tudu kafin ka isa gada ta farko, saboda haka takalmi rufaffe za ka sa, ba silifa ba. Ka je da sassafe a ranar aiki. In ɗalibai suka cika wurin gadar ta fi lilo, tsuntsaye kuma sun gudu. Akwai giwayen kurmi, amma da wuya baƙo ya gan su. Da yamma ka leƙa Elmina ka ga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 da kwale-kwalen masunta jibge a gindinta. Ranar Talata masunta ba sa fita teku, don haka kada ka sa ran ɗanyen kifi.

Abin da ya fi cutar da baƙi shi ne ɗaukar teku kamar kogi. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. A ido wurin ya fi ko'ina kwanciya, igiya ba ta fashewa a nan, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Alamarsa ruwa mai duhu ko gurɓatacce, da kumfa mai tafiya cikin teku maimakon gaɓa. In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ka yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga jansa, ko ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa. Doguwar riga da zane da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Kafin ka shiga, tambayi masuntan wurin. Busua, bayan Takoradi, ta fi yawancin wurare sauƙi, amma ko can dokar ɗaya ce.

Cape Three Points shi ne ƙuryar kudancin Ghana, akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Hanyar ba kwalta sosai, mota mai tsayi ko babur ake bukata.

Zangon ƙarshe Nzulezu ne, ƙauyen da aka kafa a kan turaku a tsakiyar tafki. Daga Beyin ake ɗaukar kwale-kwale, tafiyar kusan awa ɗaya cikin baƙin ruwa mai sheƙi kamar madubi. Da tsakiyar rani ruwan kan ja baya, sai an ƙara da tafiyar ƙasa. Ka kauce wa Alhamis, ranar da mutanen ke girmama tafkin. Gidajen mutane ne za ka ratsa, don haka ka yi gaisuwa, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.