Yadda zaka haɗa hoton vanitas da wayarka a gida

Vanitas wani salon zane ne da masu zanen ƙasar Holan suka yi fice a kai a shekarun 1600, zaka ga teburi an ɗora ƙoƙon kan mutum, kyandir da ya mutu, agogo, fure ya yi yaushi, ga kayan ado a gefe, duk dan a tuna wa mai kallo duniya ba matabbata bace. Har yanzu ana yi. A 2007 Damien Hirst, wani mai fasaha ɗan Birtaniya, ya sa aka ƙera ƙoƙon kai da ƙarfen platinum aka manna masa lu'ulu'u 8,601, aka yanka masa kuɗi fam miliyan 50. Ni dai bai taɓa min zuciya kamar aikin Sam Taylor-Wood, wata mai fasaha 'yar Birtaniya, na 2001 ba, ita 'ya'yan itace kawai ta ajiye kyamara na ɗauka har suka ruɓe suka zube, kusa da su akwai biron roba, shi ko gezau bai yi ba.

Irin nata zamu yi, ba sai da ƙoƙon kai ba.

Samu faranti ka zuba ayaba da tumatur da mangwaro, ka nemi waɗanda suka fara lalacewa wajen mai kayan gwari dan kar ayi ɓarnar abinci. Gefe ka ajiye abu ɗaya da kake ji da shi wanda baya ruɓewa, agogo ko kwalbar turare ko tsohuwar wayar da ka taɓa cin bashi ka saya. A nan aikin yake wallahi, kar ka ɗauko abin da bai dame ka ba, wanda ka taɓa taƙama da shi zaka ɗauko.

Ajiye kusa da taga haske ya shigo ta gefe ɗaya, baƙin yadi a baya, kashe filashi. Yi alama da alli inda kake jingina wayar dan kar wurin ya canza, sai ka riƙa ɗaukar hoto ɗaya kullum da safe a lokaci guda, kamar sati biyu. Da damina ya fi, da hunturu bushewa kawai suke yi. Ƙuda zai zo wari ma zai zo, saboda haka nesa da kicin da yara, kuma kar ka kai hanci kusa da funfunar da ke fitowa a jikin kayan.

Jera hotunan a CapCut, manhajar haɗa bidiyo, kowanne rabin sakan. Kar ka ɗora doguwar nasiha a kai, kwanan wata kawai zaka rubuta a ƙasan kowane hoto.