Yadda ake bibiyar maƙwaƙwafi a ga zamansa da neman aurensa

Abu na farko dai ka samu bishiya, ba tsuntsu ba. Nemi gawo ko ɗorawa ko kanya mai busasshen reshe, ka duba gindinta, in kaga ɓarɓashin itace sabo a ƙasa to ɗaga kai, akwai rami zagayayye a sama. A arewa da rani suka fi yin sheƙa, kuma kafin masu saran itace su riga ka gara ka fara tun sanyi. Yankari da dajin Amurum kusa da Jos duk akwai su, amma gonar bayan gari ma ta isa.

Ka je bayan asuba, kaya marasa haske, ka zauna kamar taku 20 daga bishiyar, rana na bayanka, da madubin hangen nesa in kana dashi.

Sai rabe mace da namiji, wanda in baka iya wannan ba wallahi duk abinda ka rubuta shirme ne. Irin maƙwaƙwafi mai launin toka da aka fi gani, namijin kansa ja ne kamar ya sa dara, macen kanta toka ne zalla, amma su biyun suna da ja a saman jela so kar wannan ya ruɗe ka.

Daga nan kunne. Bugu ɗai-ɗai yana tsayawa yana matsawa, abinci yake nema, tsutsa a ƙarƙashin ɓawo. Wanda yazo a jere da sauri trrrr a busasshen reshe shine sanarwa, ko kiran mace ko gargaɗin wani namiji. In biyu suka haɗu zaka ga ana juya kai hagu da dama, baki a sama, ana buɗe fiffike ana zagaye kututture, kuma nan mutane ke kuskure domin faɗa da zawarci kusan kamarsu ɗaya, sai ka duba kawunan, in duka ja ne to rigimar fili ce.

Rubuta lokaci da wanda ya shiga rami da wanda ya fito. Tare suke sassaƙa ramin, tare suke kwanci a kan fararen ƙwai kusan sati 2, galibi namijin ke kwana ciki. Ranar da kaga sun fara shiga da ƙwari a baki an ƙyanƙyashe kenan. Kar ka hau leƙawa, kar kuma ka kunna musu kukansu a waya, sai su bar ƴaƴa su tsaya neman abokin gaba.