Darasi na 9: Ranar Farko ta Ɗan Akuya

Karanta a hankali, sannan ka sake karantawa da ƙarfi.

Da hunturu likitocin dabbobi suka kira taron bita a Daura kan kula da ƙananan dabbobi. Na je da littafina da biro. Mata sun fi yawa a wurin, kuma haka ya dace, domin a gidajenmu akuyar turke ta mace ce. Da ita ake sayen magani, da ita ake rage kayan ɗakin 'ya. Idan ɗan akuya ya mutu, asusun gida ne ya fashe.

Likitan ya fara da tambaya: wa ya taɓa rasa ɗan akuya ko ɗan tunkiya kafin ya cika mako guda? Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Wata dattijuwa ta ce, "Likita, ni dai tagwaye ba sa zama a hannuna. Ɗaya ya tashi, ɗaya ya tafi."

Ya ce, "Inna, wanda ke tafiya, yana samun dakashi kuwa?"

Ta yi shiru. A nan ne darasin ya fara.

Dakashi

Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa, wanda uwa ke kawowa bayan haihuwa. Ɗan akuya, ɗan tunkiya da ɗan maraƙi duk suna zuwa duniya ba su da garkuwar jiki. Ba sa samunta a cikin ciki. A dakashi take. Kuma hanjin jariri ba ya daɗewa yana iya ɗaukarta. A awannin farko yana ɗauka sosai, daga nan yana raguwa, bayan awa 24 ƙofar ta kusa rufewa. Saboda haka a sa shi ya sha cikin awa 2 da haihuwa.

Nawa zai sha? Kimanin kashi 1 cikin 10 na nauyinsa a ranar farko. Mai kilo 2 yana bukatar mililita 200, wato kusan kofin shayi ɗaya, kaɗan-kaɗan, ba a zama ɗaya ba.

Tagwaye su ne abin sa ido. Mai ƙarfi yakan riga tashi ya tsotse, raunanan yana kwance yana kuka. Ki riƙe uwar, ki tatsi ɗigo biyu don bakin nono ya buɗe, ki kai raunanan da hannunki. Idan ya kasa tsotsa, a tatsa a ba shi da kwalba mai tsabta, yana tsaye ko yana durƙushe. Kada a kwantar da shi rigingine a ɗura masa, nono zai bi ta huhu. Idan uwar ta mutu, a nemi dakashin wata akuya da ta haihu a ranar, ko na saniya. Koko ba ya maye gurbinsa. Na sha ganin ana ba maraya koko saboda tausayi, kuma tausayin gaskiya ne, amma cikinsa bai isa narkar da tsaba ba tukuna.

Cibiya da sanyi

Ɗanyar cibiya hanya ce da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jiki. Ɗan akuyar da gwiwoyinsa suka kumbura yana ɗingishi, sau da yawa daga nan abin ya samo asali. A tsoma cibiyar a aidin ranar haihuwa. Ban da toka, ban da ƙasa.

A share masa majinar hanci da baki, a bar uwar ta lashe shi. Sanyinmu na asuba a watan Disamba da Janairu yana iya kashe jiƙaƙƙen jariri. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a kare iska da zana. Cikin akuya da tunkiya wata 5 ne, na saniya wata 9. Wanda ya rubuta ranar barbara zai san lokacin da zai gyara wurin.

Zawo

Abin da ke kashe jariri a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka ja fatar wuyansa ka saki. Idan ta tsaya ba ta koma da wuri ba, kuma idanunsa sun faɗa, ruwa ya yi ƙasa. A dama masa garin gishiri da gulukos na cikin 'yar leda, irin wanda ake ba yara, kuma kada a raba shi da nono. Wani abu da ban sani ba sai ranar: sukarin shayi ba ya narkewa a cikin jaririn dabba, yana iya ƙara zawon. Idan akwai jini a kashin, ko ya daina tsotsa, a kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Rigakafi

Wani magidanci ya ce, "Likita, cutar nan ta majina da zawo da ke share garke fa?" Ita ce ake rubutawa PPR. Tana zuwa da zazzaɓi, kwantsa, gyambon baki da tari. Babu maganin da ke kashe ta, sai allurar rigakafi, wadda ake haɗawa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Ana yi wa ƙananan bayan sun kai wata 3 zuwa 4, lokacin da garkuwar dakashi ta fara janyewa, kuma allura ɗaya tana kariya aƙalla shekara 3. Dattawa sun san cutar bushiya, wadda ta riƙa cinye shanu. Da rigakafi aka ga bayanta, har aka sanar a 2011 cewa ta ƙare a duniya. PPR 'yar uwarta ce.

Dabbar da aka sayo, ko daga Mai'aduwa ko daga wata kasuwa, a ɗaure ta daban har kwana 21 kafin ta haɗu da ƙanana. Daga mako 2 da haihuwa kuma a fara ajiye wa ƙananan harawa mai laushi da 'yar dusa da ruwa mai kyau, a tsince ledoji daga tsakar gida, domin leda ba ta narkewa a tumbi.

Aikin yi

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: dakashi, cibiya, aidin, rigakafi.

Ɗan tunkiya mai kilo 3, mililita nawa na dakashi zai sha a ranar farko?

An yi wa akuya barbara a watan Agusta. A wane wata za ta haihu, kuma me za a tanada saboda yanayin watan?

A shafin ƙarshe na littafinka, ja layi huɗu. Rubuta kamannin uwa, ranar haihuwa, yawan 'ya'ya, da ranar allura. Cika na dabbobin gidanku, ka kawo aji mako mai zuwa.