Yadda Ake Kiwon Karen Jack Russell

Wanda ya fara ganin karen Jack Russell yakan raina shi saboda ƙanƙantarsa, domin tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 25 zuwa 30 ne kawai, nauyinsa kuma kilo 5 ko 6. Amma asalinsa karen farauta ne. Wani limamin coci na yankin Devon a Ingila, John Russell, shi ne ya fara kiwon irinsa bayan ya sayi wata karya mai suna Trump a 1819, yana neman kare ɗan ƙarami da zai kutsa ramin yanyawa ya koro ta waje. Wannan hali yana nan a jininsa har gobe, kuma duk tanadin da mai shi zai yi, daga nan ya kamata ya faro.

Abu na farko shi ne a gajiyar da shi. Yana bukatar aƙalla awa ɗaya ta tafiya da guje-guje kullum, kuma a wuraren da rana ke da zafi a raba ta biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar, a ajiye masa ruwa mai tsabta a inuwa. Karen da aka ɗaure yini guda zai huce haushinsa a kan takalma da katifa, ya dami maƙwabta da haushi, kuma a ganina laifin na mai shi ne. A duba gindin katanga sosai, domin gwani ne wajen tono, kuma yana tsallake abin da ya ninka tsawonsa. Idan aka fita da shi kada a sake masa igiya a bakin titi, domin da zarar ya hango ɓera ko kyanwa ba ya ƙara jin kira. Gidan da ake kiwon kaji ko zomaye kuwa, dole a raba musu wuri da shi.

Horo tun yana ɗan kwikwiyo ake farawa, minti biyar zuwa goma a kowane zama, ana ba shi ɗan abin taunawa duk lokacin da ya yi daidai. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya mayar da shi mai tsoro ko mai cizo.

Wajen abinci, babba sau biyu a rana ya ishe shi, ɗan kwikwiyo kuwa sau uku ko huɗu. Inda mutane suka fi kuskure shi ne zuba masa ragowar tuwo da miya, alhali albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, ko da an dafa su. Cakulan da inabi ma guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya ji masa rauni a hanji.

Likitan dabbobi zai fara yi masa allurar rigakafi yana da mako 6 zuwa 8, ta ciwon haukan kare kuma idan ya kai wata uku, sannan a riƙa sabuntawa a kan lokaci. A riƙa ba shi maganin tsutsar ciki, a kuma riƙa laluba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, musamman da damina. Idan aka ga yana ɗaga ƙafar baya ɗaya yana ɗingishi, ko idonsa ya yi ja yana hawaye, a kai shi asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba, domin gocewar ƙoƙon gwiwa da ciwon ido na gado sun yi yawa a irinsa. Wanda ya samu kulawa yakan kai shekara 13 zuwa 16.