Yadda ake amfani da "post-haste" a rubutu ba tare da kuskure ba

Ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO a Bauchi, da akawun ofis masu tsara takardu da Turanci, sukan ci karo da "post-haste" a jarida ko a littafin adabi. Ma'anarsa a taƙaice ita ce maza-maza, da iyakar saurin da mutum zai iya, ba tsayawa a hanya. Amma wanda ya haddace ma'anar kawai yakan ajiye kalmar a inda ba muhallinta ba, don haka a fara da asalinta.

A Ingila ta ƙarni na 16, wasiƙun sarki a kan doki suke tafiya. A 1516 Sarki Henry na 8 ya naɗa Brian Tuke shugaban wannan aiki. An kafa zango-zango a manyan hanyoyi, tsakanin wannan da wancan kamar mil 10 zuwa 20, kowane zango da dawakai a ɗaure suna jira. Mahayi zai sukwano, ya miƙa jakar wasiƙu, wani ya hau sabon doki ya wuce da ita. A kwatanta da hanyar Bauchi zuwa Gombe: a ce doki ɗaya ya kai saƙo Dindima, wani ya karɓa zuwa Alkaleri, wani zuwa Bara, har ya shiga Gombe ba tare da ya kwana ko'ina ba. Shi wannan zango, da mahayin da ke jira a cikinsa, su ake kira "post". Idan wasiƙa ta gaggawa ce, sai a rubuta a bayanta "Haste, post, haste", wato yi sauri, ɗan aike, yi sauri. Wasu har hoton gungumen rataya suke zanawa a kai, domin mahayin da bai iya karatu ba ya gane abin da jinkiri zai ja masa. Mai kula da zango kuma yakan rubuta lokacin da wasiƙar ta iso hannunsa, saboda a san inda ta makara. Daga wannan umarni ne aka yanko kalmomi biyu na ƙarshe suka zama guda. Sai a 1635 Sarki Charles na 1 ya buɗe wa talakawa wannan hidima, wadda daga baya ta zama gidan waya irin wanda muka gada.

Kuskuren da ya fi yawa daga nan yake tasowa. Ɗalibi ya saba da "postgraduate" da "post-UTME", inda "post" ke nufin bayan wani abu, sai ya fassara kalmar da "bayan gaggawa". Ba haka ba ne. Kalmomi ne biyu daban da suka yi kama a rubutu. Ba kuma umarni ba ne na a ɗora abu a Facebook da sauri.

Wajen furuci, "haste" tana tafiya da "taste" da "waste". Masu cewa "has" sun canja kalma. A rubutu, mutanen Ingila sun fi sa karan-ɗori a tsakiya, na Amurka kuma su haɗe ta, "posthaste". A jarrabawa a nan Nijeriya gara a bi na Ingila, kuma in an zaɓi ɗaya a tsaya a kansa har ƙarshen takarda.

A Turancin yau bayanau ce, wato kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki, muhallinta bayan aikatau, galibi ƙarshen jimla. Ana cewa "She returned to Gombe post-haste", ta koma Gombe maza-maza, ko "The doctor was summoned post-haste", an kirawo likita cikin gaggawa. Kada a sa mata "very" a gaba, domin ta riga ta kai maƙura a sauri. Kada kuma a rubuta "with post-haste" ko "in post-haste". Ana ganin irin wannan a tsofaffin littattafai, lokacin da ake amfani da ita a matsayin suna, amma mai duba takarda a yau zai ja masa layi.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a tambayi kai: a cikin jimlar nan akwai wani mutum ko wani abu da ke barin wuri zuwa wuri? Tafiya, dawowa, aikawa, kirawo wani, kai marar lafiya asibiti, duk sun dace. Cin abinci da sauri ko karatu da sauri ba su dace sosai ba, "quickly" ta wadatar. A kuma raba ta da "hastily". Wannan tana ɗauke da zargi, irin aikin da Bahaushe ke kira garaje, an yi shi ba natsuwa. "Post-haste" ba ta zargin kowa, sau da yawa ma yabon hanzari ne.

Sai batun wanda ake rubuta wa. Kalmar tana da ƙamshin tsufa, kuma tushenta umarnin na sama ne ga ɗan aikensa. Shugaban makaranta zai iya rubuta wa akawunsa ya aiko da sakamakon ɗalibai "post-haste". Akawun ba zai rubuta wa shugaban haka ba, kamar yadda yaro ba ya ce wa babansa maza-maza. A takardar neman aiki, ko ta koke zuwa ma'aikata, a yi amfani da "as soon as possible" ko "urgently". A insha'in labari kuwa tana ƙawata rubutu, muddin sau ɗaya ta fito, a daidai inda labarin ya ɗauki zafi.

Mai fassara zuwa Hausa ya dubi jimlar. In umarni ne, "maza-maza" ta fi zama daidai. In rahoto ne irin na rediyo, a ce "cikin gaggawa" ko "ba tare da ɓata lokaci ba". In labari ne na mutum da ya taho a guje, "a sukwane" ita ce ta fi kusa, domin har dokin tana riƙe da shi.